Allon da Ke Saman Ƙofar Darakta

Duk layin babu mai kiran ta da wani suna sai Darakta. Ba don tana da ofis ko mota ba. Ɗaki ɗaya gare ta da ɗan baranda, da keken ɗinki na ƙafa wanda ya girmi yawancin masu kawo mata gyaran kaya, da gwiwar hagu mai sanar da ita zuwan hadari tun kafin kowa ya hango shi. Abin da ya ja mata sunan wani ɗan allon ƙarfe ne, faɗinsa bai wuce na faranti ba, wanda ƙaninta Auta ya kafa a saman ƙofarta. A jikinsa an rubuta sunan wani kamfanin gine-gine, a ƙasa kuma aka rubuta cewa nan ne ofishinsa na rajista.

Auta injiniya ne a ma'aikatar gwamnati, kuma ba a yarda ma'aikaci ya mallaki kamfanin da ke karɓar kwangila a inda yake aiki ba. Shi ya sa da zai buɗe nasa, ya zo ya durƙusa a gaban kekenta ya ce, "Yaya, aron sunanki kawai nake so. Suna da adireshi, shi ke nan." Ita da ta goya shi har bayanta ya yi kanta, me za ta ce? Ta ba shi. Da babban ɗansa ya kawo ƙarfi aka ƙara sunan saurayin, suka zama daraktoci biyu a takarda, Auta kuma yana bayan labule yana juya komai.

Kowace shekara dole kamfani ya sanar da ofishin rajista ko bayanansa na nan yadda suke: su wa ke riƙe da shi, ina adireshinsa, wane aiki yake yi. Auta na kiran wannan takardar shekara. In lokacinta ya yi da kansa yake zuwa, ya buɗe mata gaban mota, ya miƙa mata lemo mai sanyi, su tafi. Ofishin a saman bene yake, gwiwarta kuwa ba ta ga maciji da matakala, don haka a cikin mota take sa hannu, takardar a kan cinyarta, shi ya haura shi kaɗai. Ta iya karatu daidai gwargwado, amma wa ke tsayawa karanta takardar da ƙaninsa ya miƙo masa? Kuma gaskiya tana son ranar. Maƙwabta su leƙo suna tsokana, "Darakta an tafi taron manya!" Ita kuma ta sauke gilashi ta ce, "Ku dai ku tsare min kekena, kada hannun jari ya faɗi kafin in dawo."

Bara ne ta ce masa ta gaji. Girma ya zo, in ta faɗi ta mutu kada a zo ana neman gawa da sa hannu. Ta roƙe shi ya cire sunanta ya bar wa ɗansa. Auta ya ce, "An gama, Yaya." A ranar wuri uku ta sa hannu maimakon ɗaya. Ya jima a sama, da ya sauko ya ce, "Na sauke miki kaya. Daga yau kin yi ritaya." Ta tambaye shi allon fa? Ya ce ta bar shi tukuna har ya kama ofis, ai ado ne.

Bayan 'yan watanni, wata rana da hantsi tana sauya wa wani wando zif, mutum biyu suka yi sallama. Ɗaya ya ɗaga kai ya karanta allon, ya dube ta.

"Ke ce daraktar kamfanin nan?"

Ta yi dariya, zare a bakinta. "Haka 'yan layi ke cewa."

"To ɗauko mayafinki. 'Yan sanda ne."

A ofishinsu aka zaunar da ita gaban mai bincike, wani mutum mai furfura da idanun wanda ya gaji da jin ƙarya. Ya gaya mata abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba. Kamfanin ya ɗora wani ƙaton tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe a gidan kwanan ɗalibai. Ƙarfen da aka sa bai kai kaurin wanda aka biya ba. Jiya da rana tankin ya rufto, mai gadin wurin yana zaune a inuwarsa. Ko shurawa bai yi ba.

Ta yi salati, ta ce ita ko tankin ba ta taɓa gani ba. Ta ce ƙaninta ne, sai kuma ta kama bakinta. Ta ce ai ma an cire sunanta tun bara, a duba.

Mai binciken ya juyo mata da fuskar kwamfuta. "Gaskiyarki, Mama, an cire suna bara. Amma ba naki ba. Na saurayin aka cire, kuma ke kika sa hannu a cire shi. Yanzu ke kaɗai ce darakta, ɗakinki ne ofis. Duk abin da kamfanin nan ya yi, ke za a tambaya."

Ta ga sa hannunta, mai ɗan karkacewa saboda a kan cinya aka yi shi. Ta tuna sanyin kwalbar lemo a tafin hannunta ranar, da yadda ta riƙa yi wa Auta addu'a yana hawa matakala. Sai ta ce wa kanta kuskure ne. Ma'aikatan ofis suna da ganganci, sun rikita sunaye. Auta na jin labari zai zo a guje.

Auta bai zo ba. Sai da ta kwana biyu a tsare, a kan siminti, tare da mata masu zagin juna, kafin wani lauya mai ƙamshin turare ya zo ya karɓi belinta. A cikin motarsa ya yi mata magana da sauri-sauri, ido a kan titi.

"Mama, abu ɗaya za ki riƙe. Kada sunan Injiniya ya fito daga bakinki, ko a mafarki. In ya fito aikinsa ya tafi, fanshonsa ya tafi, to wa zai tsaya miki? Ki ce kamfaninki ne, ma'aikata suka cuce ki. Sauran ki bar mana."

"Shi yana ina?"

"Yana bin abin ta sama."

Da ta koma gida ta yi wanka, ta shafa wa gwiwarta man zafi, ta hau motar haya zuwa gidan Auta, inda mahaifiyarsu Inna ke zaune a ɗakin baya. Matar Auta ce ta buɗe mata, ta ce maigidan ya fita tun safe. Motarsa na cikin rumfa, takalmansa na bakin falo, kuma Darakta ta san takalman ƙaninta, don yana cinye dunduniyar hagu tun yana yaro. Ta shiga ta zauna.

"Wallahi Yaya, ko barci ba ya yi," in ji matar, tana zuba mata ruwa a kofin baƙi. "Magatakardan ofishin rajista ne suka yi shirme. Kin san su."

"To a je a gaya musu shirme suka yi."

"Ai yanzu in aka taɓa takardun, sai a ce ɓoye laifi ake yi. Lauya ya ce a bar komai yadda yake." Ta gyara zama, muryarta ta ɗan sauya. "Kuma fisabilillahi Yaya, sunan nan kin ji daɗinsa shekara da shekaru. Duk inda kika shiga Darakta, Darakta. Ba a taɓa jin kin ce a daina ba sai yau."

Darakta ta ajiye kofin ba ta sha ba, ta wuce ɗakin Inna. Tana shiga ta zube a gefen gadon, kukan da ta riƙe tun daga ofishin 'yan sanda ya ƙwace mata. Inna ta kama hannunta tana murzawa, ita ma tana hawaye, har Darakta ta ji sanyi a ranta, ta ce yau ga wanda zai shigar mata.

"Ki yi haƙuri, 'yar nan," in ji Inna. "Ke ce babba, ke za ki rufa masa asiri. Ke mace ce, ga furfura, alƙali zai duba. Shi kuwa in aka kama shi gidan nan duk ya watse. Yaransa su yi ina? Ni in yi ina?"

"Inna, mutum fa ya mutu. Ɗauri ake magana."

"Ba za a ɗaure ki ba. Yana bin abin ta sama."

"Ni fa, Inna? Ni ba ke kika haife ni ba?"

"Ni na haife ki, shi ya sa nake roƙon ki. Bare zan je in roƙa?"

Da za ta fita ta ji an yi tari a ɗakin sama, tarin da ta sani tun yana jariri. Ta tsaya a tsakar falo tana jira ko za a sauko. Matar Auta ta ƙara ƙarar talabijin.

Daga nan kwanaki suka riƙa zuwa mata kowanne ya fi na jiya nauyi. Aka fara shari'a. Ta tsaya a akwatin masu laifi da ƙafa ɗaya da rabi, aka karanta tuhuma, aka ɗage. Ta sake zuwa, aka sake ɗagewa. Wani ya ɗauki hotonta a bakin kotu, kafin la'asar ya zaga wayoyin layin kaf. Mutanen da ta yi wa facin wando bashi suka fara cewa dama sun sha mamaki, ashe mai kuɗi ce take ɓoyewa a bayan keke. Wata da ta kawo ɗinkin yara ta aiko a karɓo mata yadinta ko yanka ba a yi ba. Mai gidan haya ya tsaya daga nesa ya ce shi fa ba ya son yawan zuwan 'yan sanda. Sunan ma ya canja ɗanɗano. Da can in an ce Darakta da dariya ake faɗa, yanzu a bayanta ake faɗa, a ja shi a hanci.

Abin da ya fi ci mata rai ba zagin ba ne, ƙaryar da take yi da bakinta ce. Duk zaman da aka yi sai mai gabatar da ƙara ya tambaye ta wa ke sayo ƙarfe, wa ke biyan ma'aikata, ita kuma ta ce ita ce. Ya tambaye ta ƙarfe iri nawa ta sani, ta yi shiru, kotu ta kwashe da dariya. Mai binciken nan mai furfura ya tare ta sau ɗaya a baranda ya ce, "Mama, ni na san hannunki bai taɓa riƙe awon gini ba. Ki taimaki kanki." Ta sunkuyar da kai ta wuce, tana cewa a ranta kuskure ne, Auta ba zai yi mata haka da gangan ba. Wannan maganar ita ce abincinta, ita ce matashin kanta.

Wata safiya ta buɗe ƙofa ta tarar da wata mata zaune a dandamalin baranda, daidai ƙarƙashin allon, da yaro a bayanta. Ba ta kai talatin ba, amma fuskarta ta tsufa. Ta miƙe ba ta gaishe ta ba.

"Ni ce matar mai gadin da tankinku ya kashe. An ba ni adireshin nan."

Daga ganin yadda take numfashi, ta taho da maganganu a shirye, ta yi ta bitar su a hanya. Sai ta leƙa cikin ɗakin. Ta ga katifa a ƙasa, ta ga risho da tukunya biyu, ta ga keke da tulin tsummoki. Ta sake ɗaga kai ta dubi allon.

"Nan ne kamfanin?"

"Nan ne."

"Ina sauran?"

"Babu saura, 'yata. Shigo daga rana."

Matar ta shigo ta zauna, maganganun da ta shiryo suka rasa wanda za su sauka a kansa, sai ta fashe da kuka. Darakta ta ba ta ruwa. Ta ga rigar yaron ta yage a hammata, ta cire ta ba tare da tambaya ba, ta bi ta da keke. Tun daga ranar matar ta riƙa zuwa. Ba ta da wata ƙofar da za ta zauna, duk inda ta je sai a ce ta tafi adireshin kamfani. Su zauna su biyu, wadda ake tuhuma da wadda aka kashe wa miji, su raba abin da ke cikin tukunya.

A irin wannan zaman ne, yaron na dafa ƙafar keke yana koyon tsayuwa, matar ta ce, "Abin da ke ƙona min rai, maigidana ya faɗa musu. Ya ga ƙafar tankin ɗaya ta fara lanƙwasa, ya kira Injiniya."

Darakta ta tsayar da keke. "Wane Injiniya?"

"Mai zuwa duba aikin mana. Wani dogo mai ɗan ɗingishi. Ya zo da kansa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da makullin motarsa, ya girgiza kai, ya ce zai turo mai walda. Har ya ce wa maigidana kada ya gaya wa hukumar makaranta, don kada a tayar da hankalin ɗalibai. Mai walda har yau yana hanya."

"Yaushe aka yi haka?"

"Ba zan manta ba, satin da na haifi wannan ne. Watan jiya ya cika shekara."

Darakta ta dubi yaron. Watan jiya ya cika shekara. A wannan watan da ake ciki ne kuma lokacin takardar shekara. Wato Auta ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ji abin da ya ji, sannan bayan 'yan makonni ya zo ya buɗe mata gaban mota, ya miƙa mata lemo, ya nuna mata wuri uku. Babu magatakardan da ya yi shirme. Ya hango abin yana tahowa, ya janye ɗansa daga ƙarƙashinsa, ita ya bar ta a wurin. Kuka bai zo mata ba, ya riga ya ƙare. Ta ci gaba da taka keke babu yadi a ƙarƙashin allura, har matar ta kama mata hannu.

Ba a yi mako ba sai ga motar Auta a bakin layi. Ya shigo yana waige-waige, ya rame ko kuwa tsoro ne ya zuge shi. Ya durƙusa a gaban keken, daidai inda ya durƙusa shekarun baya, ya ajiye kwalbar lemo mai raɓa a kan teburin, ya zaro takarda.

"Yaya, na san kina fushi da ni. Wallahi ban zauna ba, ta sama nake bi. Amma lokacin takardar shekara ya yi. In ba a kai ba za su soke rajistar kamfanin, kuɗin wani aikin da muka gama ya maƙale, lauya ya janye. Don ke nake yi. Babu canji bana, sa hannu ɗaya ne."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa, inda take da ɗan tabon da ya samu ranar da ya zame daga bayanta.

"Auta, da ka ƙwanƙwasa ƙarfen nan da makullinka, wace ƙara ya yi?"

Ya ɗago.

"Wa ya gaya miki…"

"Tambayarka na yi."

"Yaya, na yi niyyar gyarawa. Allah ne shaidata. Abubuwa ne suka sha kaina. Ban zaci zai faɗi ba, na dai ce a yi taka-tsantsan."

"Taka-tsantsan ɗin shi ne ka cire ɗanka."

"Yaro ne, Yaya! Zai fita karatu waje, in sunansa ya ɓaci ko izinin tafiya ba zai samu ba. Rayuwarsa duk tana gaba. Ke kuwa kin riga kin…"

Ya kawar da kai.

"Ƙarasa mana," in ji ta a hankali. "Na riga na me?"

Bai ƙarasa ba. Ya koma yana cewa ai ba ɗaure ta za a yi ba, in ma an yi ba za ta daɗe ba, zai riƙa kai mata duk abin da take so, in ta fito zai gina mata ɗaki a gidansa kusa da na Inna. Har lissafin zamanta a kurkuku ya gama yi, da inda za a ajiye ta bayan nan. Ta saurare shi har ya gaji.

"Bar takardar. Gobe za ta isa ofishin."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce dama ya san Yayarsa ba za ta ba shi kunya ba. Ya fita da sauri, lemon na nan yana zubar da raɓa a kan yadin mutane.

Washegari da safe ta jawo kujera ƙofar ɗaki, matar mai gadi ta riƙe mata, ta hau da gwiwar nan tata. Da ɗan sukundireban keke ta ɓanɓare allon. Inda ya fita fentin bangon na nan sabo fil, murabba'i ɗaya mai haske a tsakiyar datti. Ta aro guduma wurin kafintan layin, ya ƙara mata da ƙusoshin kankare, bai tambaye ta komai ba. Suka hau motar haya su biyu da yaron, allon a naɗe cikin mayafinta.

Gidan Auta na da ginshiƙi mai farin fenti a kowane gefen ƙofa. Ta zaɓi na dama, inda duk mai wucewa zai gani. Matar mai gadi ta dafe allon, Darakta ta ɗora ƙusa ta fara bugu. Hannun da ya saba da allura ne, ƙusar farko ta lanƙwashe, ta biyu ta kama. Ƙarar ta cika unguwar da ba ta saba jin hayaniya ba, tagogi suka fara buɗewa.

Matar Auta ta fito ba ɗankwali. "Yaya! Lafiyarki kuwa? Tonon silili za ki yi mana?"

"Gyaran adireshi nake yi," in ji Darakta, ba ta juyo ba. "An ce duk shekara ake yi."

Auta ya fito da singileti, ya ga allon, ya ga matar da ke riƙe da shi da yaro a baya. Bai san ta ba, amma ita ta san shi.

"Shi ne," in ji matar mai gadi. "Shi ne mai makullin."

Darakta ta buga ƙusa ta ƙarshe, ta ce mata, "Ga kamfanin, 'yata. Ga sauran da kike tambaya. Daga yau nan za ki riƙa zama."

Sai ga Inna ta fito tana dogara sanda. An riga an gaya mata. Ta tsaya a tsakiyar ƙofa ta kira ta da sunan da take kiran ta tun tana ƙarama.

"'Yar nan, daga nan ina za ki?"

"Ofishin rajista, Inna. Daga can in wuce wurin mai bincike."

"In kika kai sunan ɗan'uwanki wurin hukuma, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Maganar ta dake ta fiye da duk abin da aka faɗa mata a kotu. Ta durƙusa a kan tsakuwa, gwiwar na ƙara, ta ce, "Na ji, Inna." Ta zauna a durƙushe tana jira. Nono ɗaya suka sha ita da shi, kuma ga shi nan tsaye a gefe, ga matar da ya mayar gwauruwa, ga marayan. Ta jira ko Inna za ta juya ta gaya masa ko da rabin kalma. Inna ta miƙa hannu ta dafa kafaɗar Auta don kada ta faɗi, shi ke nan abin da ta yi. Darakta ta dafa ginshiƙin ta miƙe, ta miƙa wa matar mai gadi gudumar ta ce ta mayar wa kafinta in ta tashi.

Ba ta taɓa ganin cikin ofishin rajistar ba sai ranar. Ta kama ƙarfen matakala da hannu biyu, ta ɗora ƙafar dama, ta jawo ta hagu. Masu sauri suna ratsa ta, wasu na tsaki. A kowane hawa sai ta tsaya ta huta, ta leƙa ta taga ta hango inda motar ke tsayawa, ƙarƙashin wata bishiya. Ashe abin da ya raba ta da sanin gaskiya duk shekarun nan bai wuce wannan matakalar ba. Ba ta yaudari kanta ba, ta san sa hannunta ba zai goge ba, ta san ƙaryar da ta yi a gaban alƙali ma laifi ce, kuma mai yiwuwa duk da haka a ɗaure ta. Ta san kuma ta fito daga gidan nan ba uwa ba ƙani. Mutane na cewa aron suna ba komai ba ne, ai ba ya ƙarewa don an ara. Ita yanzu ta san mai aron suna ba sunan kaɗai yake ɗauka ba, har da mai shi yake tafiya, ya ajiye shi a inda shi ba zai yarda ya tsaya ba.

A sama ta tarar da wata ma'aikaciya mai tabarau a bayan kanta. Ta karɓi takardar, ta danna kwamfuta, ta dubi katin shaidarta, ta dube ta.

"Mama, ke ce daraktar? Ban taɓa ganin ki a nan ba."

"Ina ƙasa, cikin mota."

Ma'aikaciyar ba ta gane ba, ta dai jawo mata kujera. "To, bayanan na nan yadda suke? Na ga an riga an cike cewa babu canji."

"Akwai canji. Yaga wannan ki ɗauko sabuwa. Fara da adireshi." Ta faɗi unguwa da layi da lambar gidan Auta. Sannan ta ce, "Akwai wurin da ake rubuta wanda ke juya kamfani da gaske, ko da sunansa ba ya cikin daraktoci?"

"Akwai, Mama. Dole ma a rubuta."

"To rubuta."

Tun da aka haife shi Auta take ce masa, ba ta tuna ranar da ta kira sunansa na yanka ba. Ta faɗe shi cikakke, da na mahaifinsu a haɗe, muryarta ba ta yi rawa ba sai a kan na mahaifin. Ma'aikaciyar ta buga, ta juyo mata da fuskar kwamfutar.

"Duba da kyau, Mama, harafi ɗaya in ya kuskure sai a ce wani ne daban. Kin tabbata haka yake rubuta shi?"

Darakta ta matso da fuskarta, ta bi sunan da yatsa daga farko har ƙarshe, a hankali, yadda ya kamata ta yi tun shekarar farko.

"Haka ne," ta ce. "Ni na koya masa rubuta shi."